Maigida da Magini a Ƙasar Kura da Bunkure, Daga Zamanin Tubali Zuwa na Bulo

Ƙasar da ta shimfiɗu kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, wadda ta ƙunshi Kura da Bunkure da Garun Malam, an fi saninta a yau da shinkafa da alkama da tumatir, kuma galibin abin da masana suka rubuta a kanta tun daga shekarun 1970 ya tsaya ne a kan gona da rabon ruwa da farashin amfanin gona. Ba a cika kula ba da cewa aikin noman ranin da ya sauya gonakin yankin ya sauya gidajensa, kuma ya taɓa hulɗar da ke tsakanin mutumin da ke son kafa gida da waɗanda yake danƙa wa aikin. A da, maigida da magini suna tsayawa ne a kan ilimi guda, domin dukansu sun san ƙasar da za a kwaɓa, sun san inda ruwa ke bi da damina, sun kuma san abin da al'ada da addini ke bukata a cikin gida. A yau wannan ilimi ya rarrabu tsakanin birkila da mai zane da injiniya da ɗan kwangila, kuma maigida yakan samu kansa yana biyan kuɗin aikin da ba shi da hanyar auna ingancinsa sai bayan damina biyu ko uku sun wuce.

Kafin zuwan Turawa, har ma shekaru da yawa bayan zuwansu, yawancin gidajen ƙauyukan wannan yanki iyalan gidan ne ke gina su da hannunsu, da taimakon dangi da maƙwabta ta hanyar gayya, wato aikin taron da ake yi wa mutum ba don lada ba sai don abinci da zumunci. Ɗakunan da'ira masu jinkar ciyawa, da dangar kara da ta kewaye gida, da rumbun hatsi, ba sa bukatar gwani na musamman. Ana kiran magini ne idan aiki ya kai ga soro, wato ɗaki mai rufin ƙasa, ko zaure mai faɗi, ko masallaci, domin a nan ne kuskure kaɗan kan iya rushe rufi a kan mutane. Kura ta fi ƙauyukan da ke kewaye da ita bukatar irin waɗannan magina, saboda a ƙarni na 19 tana cikin manyan cibiyoyin rini na ƙasar Kano, kuma turkuɗin da ake rinawa a buga a can, wanda ya yi suna da 'yan Kura, fatake na kai shi har ƙasar Abzinawa da cikin Sahara. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya kammala bincikensa kan masana'antar rini ta ƙasar Kano a 1975, ya nuna yadda garuruwan kudancin Kano suka bunƙasa da wannan sana'a. Attajirin da ya yi dukiya da tufafi yana son zauren da zai karɓi baƙi da dillalai, da ɗakin ajiyar da gobara ba za ta ci cikin sauƙi ba, kuma wannan shi ne aikin magini.

Shirin sabon gida yana farawa ne bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, sama ta bushe, hannuwa kuma suka samu sarari. Maigida yakan kai magini filin da dagaci ko mai unguwa ya tabbatar masa, su zagaya shi tare, sannan magini ya ja layin ɗakuna a ƙasa da ƙafarsa, yana awo da taki da kuma kamu, wato tsawon da ke tsakanin gwiwar hannu da ƙarshen yatsa. Babu takarda a wannan mataki, amma ba daidai ba ne a ce babu zane, domin zanen yana nan a ƙasa da cikakken girmansa, maigida na iya shiga cikinsa ya tsaya, ya ga ko ɗakin uwargida ya yi ƙunci, ya sa a share layi a sake ja. A nan ake yanke shawarar inda zaure zai fuskanta, da yadda za a karkata ƙofar shigifa, wato ɗaki na biyu da ke tsakanin zaure da cikin gida, don kada idon mai wucewa ya kai ga mata. A nan ake ware wa kowace mata ɗaki daidai da na abokiyar zamanta, a tsayar da wurin turaka da madafa da rijiya da turken dabbobi, a nisanta masai daga rijiya, a kuma kauce wa fuskantar alƙibla da shi. Maƙwabta ma suna da ta cewa, tun da fikihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Kano ke hukunci da shi bai yarda mutum ya cutar da maƙwabcinsa da ginin da ya yi ba, ko ta hanyar indararo, wato mazirarar ruwan rufi, da zai riƙa zuba a jikin katangar wani, ko ta tagar da ke leƙa tsakar gidansa.

Tara kayan aiki nauyin maigida ne, kuma wannan ne ya sa yake sanin abin da ya shiga cikin bangonsa. Ana haƙo ƙasar gini daga kududdufin bayan gari, a jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa tare da ramno, wato busasshiyar ciyawar da ke hana laka tsagewa, wani lokaci a haɗa da kashin doki, a bar ta ta kwana da kwanaki ana juyawa har ta yi danƙo. Daga cikinta ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Magini yakan hau bango ya zauna a kansa, yaransa na ƙasa suna jefo masa tubali da curin laka yana cafewa, yana jerawa yana ja da baya, kuma ba ya ɗora sahu mai yawa a rana guda sai na ƙasa ya sha iska. Bangon kan fara da kauri sosai a gindi ya riƙa sirancewa yayin da yake tashi. Rufin kuwa da azara ake yinsa, wato tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika ci ba, amma tsawon da azara ke iya ɗaukar nauyin ƙasa ba tare da lanƙwasa ba bai wuce kusan mita 2 ba, don haka duk ɗakin da ya fi haka faɗi sai an yi masa dabara, ko ginshiƙi a tsakiya, ko bakan gizo, wanda shi ne lanƙwasasshen ginshiƙin laka da ake ƙarfafa shi da azara a ciki, yana fitowa daga bango biyu ya haɗu a sama. Gwanintar magini a nan ake gane ta, kuma a kanta ake yi masa ciniki.

Akwai wata alaƙa tsakanin rini da gini wadda ta shafi Kura kai tsaye, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Abin da ke taruwa a gindin karofi bayan baba ya gama aiki, wanda marina ke kira katsi, ba a zubar da shi, sai a kwashe shi a curcura, a shanya, a ƙona, a daka ya zama gari, sannan a kwaɓa shi da gashin dabba da ruwan dafara, wani tsiro mai yauƙi da ke nannaɗe bishiyoyi. Abin da aka samu shi ne laso, simintin Hausawa na asali, wanda da shi ake shafe cikin ramin karofi don ya riƙe ruwa, da shi kuma ake shafe rufin soro da saman katanga don damina ta zame a kai. Shea ya danganta bunƙasar rinin ƙasar Kano da wannan fasaha, domin ita ce ta ba marina damar barin manyan tukwane su koma ramuka masu zurfi. Garin da ke da karofi da yawa yana da katsi da yawa, saboda haka maginin Kura yana da abin da maginin ƙauyen da ba a rini sai ya sayo daga nesa. Waɗanda ba su da ƙarfin laso sukan yi amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a haɗa da laka a yi yaɓe, su kuma mata su yi daɓen ƙasan ɗaki da ruwanta. Ko da wanne aka yi, gidan ƙasa yana bukatar a sabunta yaɓensa kafin damina, don haka hulɗar maigida da magini ba ta ƙarewa ranar da aka tare, tana ɗorewa har ga 'ya'yansu.

Sana'ar gado ce a mafi yawan lokuta, kuma tana da shugabanci. A birnin Kano, kamar sauran biranen ƙasar Hausa, akwai Sarkin Magina, wanda ke tara magina idan aikin fada ko ganuwa ya taso, yana kuma sasanta rigima tsakanin magini da mai aiki. Sunan da ya fi kowane fice a wannan sana'a shi ne na Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a tsakanin 1834 da 1846. Hamman Tukur Sa'ad, a binciken digirinsa na uku da ya kammala a 1981, da J. C. Moughtin a littafinsa na 1985 kan gine-ginen Hausa, sun rubuta abubuwa da yawa game da irin waɗannan gwanaye, sai dai hankalin masana ya fi karkata ga fada da masallatan birni, ba a ba maginin gari irin Kura ko Bunkure rabonsa ba, alhali shi ne ya gina gidajen da yawancin mutane suka rayu a ciki.

Isowar layin dogo Kano a 1911 ta buɗe hanya ga kwano da siminti, amma sun daɗe suna tsaye a birni da gine-ginen hukuma kafin su kai ƙauye. Abin da ya fara raunana tsohon tsari a Kura shi ne ja da bayan rini, da yadda yadin kanti da sinadarin rini na Turai suka cika kasuwa, domin duk karofin da aka daina aiki da shi katsinsa ya tsaya ke nan. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a shekarun 1960, na Ashaka kuma a 1979, siminti ya matso kusa da mai ƙaramin ƙarfi.

Babban sauyin ya zo ne da gwamnatin Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa a farkon shekarun 1970, aka kuma gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan mai suna NEDECO ne ya yi nazari da tsarin aikin noman ranin, wanda kashinsa na farko aka tsara zai shayar da kadada 22,000, ruwa na gangarowa da kansa daga Tiga ta babbar hanyar ruwa zuwa rassanta ba tare da injin turawa ba. Daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976. Ga yawancin mutanen yankin wannan ne karo na farko da aka zana ƙasarsu a takarda kafin a taɓa ta, kuma waɗanda suka yi zanen ba su zagaya filin da masu shi ba. An karɓi gonaki, an baje su, an yanka su daidai da hanyoyin ruwa, sannan aka mayar wa manoma bayan an cire abin da hanyoyin suka ci. Dubban mutane sun tashi daga matsugunansu saboda tafkin Tiga, wasu kuma aka tattaro su daga gidajensu na gona da ke warwatse aka haɗa su wuri guda. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin a ƙarshen shekarun 1970, da Cecile Jackson, wadda ta nazarci halin da mata suka shiga, sun nuna cewa tsarin bai yi la'akari sosai da yadda mutane ke zaune ba. Baje filayen ya kuma tafi da bishiyoyi masu yawa, har da ɗorawar da ake samun makuba daga gare ta.

Noman rani ya cinye lokacin gini, kuma wannan ya fi kowace doka tasiri. Watannin da a da ake kwaɓa ƙasa ana yaɓe, daga ƙarshen kaka zuwa bazara, su ne suka zama watannin alkama da tumatir da albasa, kuma saurayin da zai zo gayyar gini don tuwo da goro ya samu aikin ƙodago da ake biyansa kuɗi a hannu da yamma. Gidan ƙasa yana da arha ne muddin akwai hannuwan da ba a biya, da zarar kowane hannu ya samu farashi sai lissafi ya juya, yaɓen shekara-shekara ya zama nauyi, maigida ya fara ganin cewa bulo da kwano, duk da tsadarsu a farko, za su hutar da shi. Kuɗin sayensu ma ya samu, musamman bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, da kuma daga baya da Kura ta zama cibiyar casar shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan ta zama matattarar tumatir. Aikin gadoji da ƙofofin ruwa da gidajen ma'aikata ya riga ya kawo wa yankin sana'ar kankare, sai birkila ya gaji magini, kafinta ya gaji mai jera azara, ciniki kuma ya koma jinga, wato a yi tsada a kan aiki dungurungum, ko a kan adadin bulon da aka jera.

Ruwan kansa ya zama matsalar da tsohon magini bai gada ba, sabon birkila kuma bai koya ba. Ƙasar yankin rairayi ce da laka a sama, amma a wurare da dama akwai marmara a ƙarƙashinta wadda ke hana ruwa nutsewa, kuma shekaru na ban-ruwa rani da damina, tare da magudanan da suka toshe da yashi da kacala, sun ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa har ya kusanto sama a unguwannin da ke daf da gonaki. Tsohon gini an tsara shi ne don ya jure ruwan da ke saukowa daga sama, da laso a ka da indararo mai nisan zuba, ba ruwan da ke tasowa daga ƙasa ba. Danshi yana hawa gindin bango, ya bushe ya bar gishiri, gishirin ya riƙa marmashe laka har bango ya zama siriri a inda ya kamata ya fi kauri, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya zauna. Ambaliyar watan Agusta na 1988, wadda madatsar Bagauda ta ɓalle a cikinta, ta ƙara sa mutane su yanke ƙauna daga ginin ƙasa. Sai dai bulo ba maganin danshi ba ne da kansa, domin shi ma yana shan ruwa, kuma wanda ya duba gidajen da ke kusa da hanyoyin ruwa zai ga baƙin layi a jikin bango kamar kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, fenti yana kumbura, filasta tana zuba in an taɓa ta da yatsa. Maganinsa sananne ne ga injiniyoyi, wato a ɗaga harsashi sama da matakin titi, a cike shi da jar ƙasa a danne, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba daɓen kankaren da magina ke kira jaman fulo kafin a ci gaba da jera bulo. Amma wannan shi ne sashen aikin da ba a gani bayan an gama, saboda haka shi ake fara ragewa idan kuɗi suka gaza, ko idan mai jinga yana son ya tsira da riba.

A takarda, Nijeriya ta daɗe da tsara sana'o'in gini. Koyar da zanen gine-gine ya kafu a Zariya tun shekarun 1950, kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, an kafa hukumar rajistar masu zanen gini a 1969, ta injiniyoyi a 1970, ta ƙwararrun magina a 1989, an kuma fitar da ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ikon filayen karkara a hannun ƙananan hukumomi, a Kano kuma hukumar tsara birane ta jiha ce ke amincewa da zanen gini a yankunan da ke ƙarƙashinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙwararru yana da aikinsa, mai zane ya tsara ɗakuna da iska da haske, injiniya ya lissafa harsashi da rodi, mai awon fili ya tabbatar da iyaka, mai ƙiyasi ya fitar da adadin kaya da kuɗinsu. A aikace kuwa, manomin Bunkure ko mai injin casa na Kura ya fi yawan kiran birkila ya nuna masa gidan wane ya ce irinsa yake so, ko ya karɓo zanen da aka yi wa wani fili a Kano ya sa a dasa shi a fulotinsa na ƙafa 50 da 100. Ana kiran injiniya ne galibi idan za a hau bene ko a gina sito ko gidan mai. Ginin kuma yakan tafi ne da kakar amfani, a yi harsashi bayan an sayar da shinkafa, a kai linta bayan tumatir, a yi rufi baɗi, abin da ke sa birkila biyu ko uku su yi aiki a gida ɗaya ba tare da ɗayansu ya san abin da na farko ya binne a ƙasa ba.

Laifin wannan giɓi bai rataya a wuyan maigida kaɗai ba. Zanen da ake kawowa daga birni sau da yawa ba ya ƙunsar zaure, ba ya tanadar ɗakin mata ta biyu ko na tsohuwar uwa, ba ya barin wurin shanya shinkafa ko ajiye buhuna da injin ban-ruwa, kuma an rubuta shi da Turanci da alamomin da mai gidan ba zai iya shiga cikinsu ya tsaya ba kamar yadda kakansa ke shiga zanen ƙafa. Matan da za su yini a gidan, waɗanda da yawansu a tsakar gida suke turara shinkafa don sayarwa, ba safai ake tambayarsu inda murhu da magudana ya kamata su kasance ba. Rufin kwano maras silin a kan bulo mai inci 6 yana mayar da ɗaki wurin da ba a iya kwana a watan Afrilu, alhali soron ƙasa mai kaurin bango yana riƙe sanyin dare har azahar, kuma wannan asara ce ta gaske da ba a sa ta a lissafi lokacin da aka yi watsi da tubali. Masu zanen da suka fi amfanar mutanen yankin su ne waɗanda ke zuwa filin da kansu, su sa a kafa turaku a ja igiya a zuba toka a kan layin ɗakuna, maigida da iyalinsa su zagaya su gyara kafin a sa diga, su kuma rubuta yarjejeniya da Hausa wadda ta fayyace zurfin harsashi, da yawan bulon da za a buga daga buhun siminti ɗaya, da matakan da za a biya kuɗi.

Gyaran hanyoyin ruwa da magudanai da aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya shafi gonaki ne, bai shafi unguwanni ba, ga shi kuma garuruwan suna ta faɗaɗa zuwa bakin gonakin da ake shayarwa, inda filin gini ya fi sauƙin samu kuma ruwan ƙasa ya fi kusa. Bayanin inda magudanai suka bi yana hannun ma'aikatan hukumar kogi da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, sanin zurfin da ake tarar da ruwa a kowace unguwa yana wurin masu haƙar rijiya da masai, tsofaffin magina da suka rage kuma sun san wuraren da bango ya taɓa zama. Babu wata ƙa'ida a halin yanzu da ta wajabta wa mai zane ko birkila ya tuntuɓi ɗaya daga cikinsu kafin ya haƙa harsashi, don haka yin hakan ya rage ga maigidan da ya san ya tambaya.